Ranar Da Allina Ya Ƙare

A El Alto, inda numfashi ke tsada,
inda dutsen Illimani ba ya cire farar hularsa,
na shekara talatin da ɗaya ina cin ƙurar alli
a ajin da tagarsa ta fashe tun kafin in yi furfura.

Wara ta zo mini tana 'yar shekara takwas,
kumatu duk sanyi ya tsage,
kitso biyu jela har baya,
'yar mai busasshen dankali a kasuwar Alhamis.
Na rubuta lissafi a allo, ban gama juyowa ba
ta ce, "Malam, bakwai ɗin can ba gidanta ba ne."
Na duba.
Ba gidanta ba ne.
Yara suka kwashe da dariya, ni ma na taya su,
sai dai tawa a maƙogwaro ta tsaya.

Na tambayi uwarta, Fermina, wa ya koya mata.
Ta ɗaga kafaɗa tana ƙulle canji a bakin mayafi:
"Ni dai tun da ta yi baki
ba wanda ya sake cutata a ciniki."

Littafin aji shida, mako uku ta cinye shi.
Na ɗauko nawa na kwaleji, wanda ɓera ya ci gefensa,
kafin damina ta ɗauke ta dawo mini da shi
da gyara biyu, da fensir, a shafi na casa'in.

Akwai tsohuwar kwamfuta a ofishin shugaba,
mai nishi kamar jakin da ya hau tudu da kaya,
harafi ɗaya ya ɓalle, sai an danna da tsinke.
A nan ta koyi ba inji umarni.
Ta aike shi farautar lambobin nan masu taurin kai
waɗanda ba mai raba su sai ɗaya, sai kansu.
Ya kwana yana nema, wuta ta ɗauke da asuba.
Na zaci kuka za ta yi.
Ta ce, "Laifina ne, doguwar hanya na nuna masa."
Ta zauna ta yanke masa gajera.

Sai wata Talata, tana cin gasasshen wake,
ta ce, "Wasu tagwaye suke zuwa,
sha ɗaya da sha uku, sha bakwai da sha tara.
Malam, tagwayen nan suna ƙarewa?"

Kwana uku fitilata ba ta mutu ba.
Ƙarya ta zo har bakina, ta yi sallama,
don malami ba ya son a ga gindin tukunyarsa.
Na ce, "Ban sani ba."
Daga baya na ji duk duniya ba wanda ya sani,
amma wannan bai rage mini nauyin kalmar ba.

Rijiya ta bayar, in ji mutane, guga ya hana.
Ni ne gugan. Na ƙi in hana.
Muka shiga keken sama mai rataye a igiya,
rufin kwano na gudu a ƙarƙashin ƙafafunmu,
har jami'a, can ƙasa a La Paz.
Wata farfesa mai tabarau a goshi ta ja ta ciki.
Awa biyu ina zaune a benci
rungume da rigar sanyinta,
ina jin alli yana ƙara a bayan ƙofa
da yaren da ni na buɗe mata, ya kuma wuce ni.

A hanyar dawowa barci ya sace ta a kafaɗata,
yatsu duk tawada.
Igiyar takalminta ta kwance.
Har yau ba ta iya ɗaure ta ba.
Na sunkuya a hankali, kada ta farka,
na ɗaure mata.